Mai Juya Mana Murhu

Babanmu, Don Nicanor, bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Gidan da aka haife mu na haya ne. Shagon facin tayar da ya tsufa a ciki, a bakin titin San Quintín, shi ma na haya ne. Amma ka tambaye shi abin da zai bar wa 'ya'yansa, sai ya gyara zaman hularsa ya ce maka, "Teku." Kuma ba wasa yake yi ba.

Wani ɗan lungu ne a gaɓar gabas, can ƙasa da Bahía de los Ángeles, inda kwalta ta ƙare, tsakuwa ma ta ƙare, ya rage sai yashi da dogayen itatuwan kardon masu ƙaya. Duk makon Ista can muke yada zango, tun ina goye. A faɗar Apá, wato Baba, shi ya gano wurin, kuma in ka cire mu huɗu, daga Allah sai kwasakwasan da ke kamun kifi suka san da shi. Ƙanin Amá, wato mamarmu, ya yi naci har ya gaji, ba a taɓa zuwa da shi ba. Wani saurayi da na taɓa yi ya yi kuskuren tambayar hanya, daga ranar Apá ya daina amsa gaisuwarsa.

A shekarar da nake ba ku labari, likita ya ce idanun Apá tafiya suke yi, kuma ba masu dawowa ba ne. Duhun ya cinye gefe da gefe, tsakiya kaɗai ta rage masa, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Aka hana shi tuƙi. Ya ce likitan yaro ne, bai san komai ba. Amma ranar tafiya, bayan mun gama lodin jarkokin ruwa da tamfol da itace da tukwanen Amá, sai ya miƙo min makullin akori-kurar yana kallon wani wuri daban.

"Nereida, bana ke za ki ja mu. Zan nuna miki hanyar tun ina ganinta. In na damƙa miki wurin nan, to na gama nawa."

Yayana Ubaldo, wanda muke kira Baldo, ya tsaya cak da kwandon lemo a hannu. "Haba Apá! Ni fa ne babba."

"Kai da ka kafe motar mutane a filin ƙwallo? Shiga baya ka riƙe wa uwarka ƙwai."

Baldo ya shige baya yana ƙunƙuni, Amá ta ɗora masa kiret ɗin ƙwai a cinya. Ni kuwa dariya na yi, amma wallahi makullin nan ya yi min nauyi a hannu.

Duk wanda ya ce maka tuƙi da mai faci a gefenka abu ne mai sauƙi, ƙarya yake yi. Mutumin da ba ya ganin gefen hanya, amma duk dutsen da na taka sai ya ji shi a jikinsa. "Wayyo tayata! Mija, 'yata, gaba kike yi da ita ne?" In na rage gudu a kan gargada ya ce haƙoransa za su zube, in na ƙara ya ce so nake na kai mu lahira ba mu ga teku ba. Da muka bar tsakuwa muka shiga yashi, aka sauka a rage wa tayoyi iska. A nan ne bai yarda kowa ya sa hannu ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, yana sauraron fitar iskar, yana danna su da babban yatsa har cikinsu ya baje a ƙasa. Amá ta ce da ita ma haka yake lallaɓa ta, da ba ta yi furfura da wuri ba.

To, bari na ba ku labarin farar taya, don ita ce tushen rigimar. Hanyar lungun namu daga cikin wani busasshen rafi take ɓallewa, babu alama ko ɗaya, kuma haka Apá yake so. Da mun karya kwana kowa zai sauka ya kama tsintsiya ko reshe, mu share sawun motar tas, kada wani ya biyo mu. 'Ya'yan mutane da ƙwallo suke zuwa teku, mu da tsintsiya. Amma duk shekara in muka iso, sai mu tarar da wata tsohuwar taya an binne rabinta a tsaye, an shafe ta da farin fenti, daidai bakin kwanar. Apá zai tono ta yana zage-zage, ya gangara da ita can gaba, ya binne a bakin wata kwanar da ba ta kai mutum ko'ina sai cikin taɓon gishiri. Shekara ta zagayo, taya ta dawo wurinta.

"Ambaliya ce," in ji Apá. "Ruwan guguwa ne yake turo ta."

"Ambaliya mai yawo da gwangwanin fenti," in ji Baldo.

Haka murhu ma. A bakin tekun akwai ɗan bangon duwatsu da muke kare wuta da shi. Da Ista iska daga kudu take busowa, don haka a kudu Apá yake jera su. Mu dawo baɗi mu tarar an kwashe su kaf an jera a arewa, tsaf-tsaf, manya a ƙasa ƙanana a sama. Wannan kuma wai iska ce. Zai tsaya a kansu ya zagi iskar nan tun daga uwarta har kakarta, ya kira ta jaka, ya ce ba ta san gabas ba balle yamma. Sannan akwai jarkar ruwan da yake binnewa a gindin wani dutse in za mu tafi, wai ta baɗi ce. In mun dawo jarkar na nan a cike, amma a gefenta sai ka ga gwangwanin abarba. Ya buɗe ya cinye, ya shanye har ruwan, ya ce ai shi ya binne bara, mantawa ya yi. Mutumin da bai taɓa sayen abarba ba a rayuwarsa!

Duk mun san akwai wani. Ina jin shi ma can ƙasan zuciyarsa ya sani. Amma tun muna ƙanana Amá ta ja mana kunne: tsokana kam a yi, amma kada wanda ya fito fili ya ce masa wurin ba nasa ba ne shi kaɗai. "Ubanku ba shi da komai sai wannan," ta ce. "Ku bar masa abinsa."

A wannan shekarar kuwa, da muka iso kwanar da la'asar, babu taya. Apá ya sa na wuce gaba a hankali, sai ga ta can a bakin hanyar taɓo, inda ya bar ta bara, fentin har ya fara ɓarewa. Ya sauka ya shafa ta, ya daki gefenta da ƙafa, ya juyo da fuska kamar an yi masa kyautar gida.

"Kun gani ko? Bana ba a yi ambaliya ba. Baldo, ina mai fentin naka?"

"Ƙila ya tafi hutu, Apá."

Na juya motar muka dawo kwanar gaskiya. Sai me zan gani? Sawun mota ne sabo fil a kan yashi, ya karya kwana ya nufi teku, ko iska ba ta taɓa shi ba. Na dubi Amá ta madubi. Ita ma ta gani, ta ɗora yatsa a leɓe. Apá kuwa sai nuna min alamomi yake ta ɗan ramin ganin da ya rage masa: ga kardon mai hannu ɗaya, ga dutse mai kama da sirdi, in kin kai wancan kin wuce. Sawun yana ƙarƙashin hancinsa amma bai gan shi ba. Muka sauka muka yi shara kamar kullum. Baldo ya share namu ya share na baƙi, kuma karon farko a rayuwarsa bakinsa a rufe.

Na so na faɗa masa, Allah ya sani. Amma ta yaya za ka ce wa mutum gadon da ya taso ka tun asuba zai damƙa maka, wasu na zaune a ciki?

Hancinsa ne ya faɗa masa. Muna hawa tudun yashi na ƙarshe ya ce, "Tsaya. Wa yake gasa kifi?"

Ban tsaya ba, don in ka tsaya a kan tudu ka kafe. Muka gangara. Ga tekun nan shuɗi shar kamar kullum, ga kwasakwasa suna faɗawa ruwa. Ga kuma wata jif a inda muke ajiye mota, da tantuna, da yara suna guje-guje, da wanki an shanya a jikin sandar da Amá ke ɗaura giciyen ganyen dabino duk shekara. A bakin murhun Apá wata 'yar tsohuwa ce a tsugune, da hular maza a kanta, tana juya tortiya, wainar masara, da yatsa.

Apá ya dira tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ya harɗe da igiyar tanti saura kaɗan ya kifa, ya miƙe ya nufi hayaƙin.

"Baiwar Allah, ɓata kuka yi. Nan ba hanya ba ce, wurin da mai shi."

Tsohuwar ta ɗago ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi. Ta dubi motarmu, ta ga tsintsiyoyi a tsaye a baya. Sai ta goge hannu a jikin riga ta miƙe.

"Ashe gajere ne kai. Shi ya ce lallai dogo ne mai ƙaton ciki."

"Shi wa?"

"Mijina mana. Fidencio, ɗana! Zo ka ga ɓarawon tayar babanka!"

Baldo ya fashe da dariya har ya saki kiret ɗin ƙwan da ya yi yini guda yana reno. Amá ta kai masa duka, amma ita ma kafaɗunta rawa suke yi.

Sunan tsohuwar Doña Herlinda, daga Ensenada suke. Mijinta Don Crescencio, wanda kowa ke kira Chencho, mai fentin gidaje ne. "Na faɗa!" in ji Baldo, ya ƙara shan duka. Su duk Nuwamba suke zuwa, da an gama bikin tuna matattu, kuma a Nuwamba iska daga arewa take. Giciyen dabinon Amá ne ya nuna musu cewa mai ɓata musu murhu ɗan Ista ne.

"Ya rasu cikin Janairu," ta ce wa Apá. "Bara ciwo ya hana shi zuwa. Amma ka san abin da ya fi damunsa a gadon asibiti? Ba ciwon ba. Wai za ka zo ka ga tayar ba ta motsa ba, ka ɗauka ka ci nasara. Sai da ya sa na yi masa alkawari. Ya ce, Linda, ki je da Ista ki nemo min ɗan banzan nan, ki faɗa masa ba gajiya na yi ba, mutuwa na yi."

Duk mai hankali a nan zai cire hula ya yi shiru. Apá ya cire hular kam, amma shirun ne ya gagara.

"Allah ya ji ƙansa, Doña. Amma fa ni na riga shi. Shekarar da aka haifi wannan," ya nuna inda yake zaton nake, "na gano wurin nan. Babu kowa. Duwatsun nan ma haka na same su."

"A jere ka same su," ta ce. "A arewa."

Apá ya murɗa hular da ke hannunsa.

"Ni da cikin wannan na fara zuwa nan," ta ce, ta nuna ɗan nata. Fidencio ya matso ya cire hula don gaisuwa. Sanƙo ne tal, ɗan gashin da ya rage a gefe fari fat. Ya girmi Baldo nesa ba kusa ba, ni kam ba a ma maganata. Apá ya matsa har kusa da fuskarsa, ya leƙa shi ta ramin ganin nan, ya daɗe yana leƙe. Sai ya mayar da hularsa, ya juya ya bi bakin ruwa har ƙarshen yashin, ya zauna a kan wani dutse ya ba mu baya.

Muka kafa namu tantin a ɗaya gefen. Amá da Doña Herlinda kuwa kafin wake ya yi zafi har sun zama ƙawaye, kowace tana ba da labarin taurin kan nata mijin, ɗayar tana cewa ai naki mai sauƙi ne. Na zuba abinci a faranti na kai wa Apá tun rana ba ta faɗi ba. Bai karɓa ba.

"Apá, don Allah ka ci. Kifin ba shi ya juya maka murhu ba."

"Mija, ashe ƙarya na ɗauko ki na kawo ki ki gani."

"Wace irin ƙarya kuma?"

"Gida na mutane, shago na mutane. Na ce to, ko ba komai ina da nan. Kullum in mai gida ya zo yana min tsawa a gabanku, sai na ce a raina, yi ta yi, kai ba ka da teku." Ya shafa dutsen da yake kai. "Ashe nan ma haya nake yi. Ko mai gidan ban sani ba."

 Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa: shi, ko likita, ko matacce mai fenti. Ban taɓa ganin ubana ya zama ƙarami ba sai ranar, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na ajiye farantin a gefensa na zauna, har ƙudaje suka gama da kifin.

Washegari da safe ya koma kan dutsen nan da kofin kofi. Ina wanke tukwane da yashi kusa da shi sai ga Doña Herlinda tana ɗingisawa, da abu a ƙunshe cikin mayafi. Ba ta nemi izini ba, ta ce ya matsa, ta zauna. Ta dire masa gwangwanin abarba a cinya.

"Na bara ne. Bai samu ya kawo ba."

Apá ya lalube shi, ya gane.

"Shekarar farko da ka juya tayar, bin ta muka yi," ta ce. "Muka nutse a taɓon nan har ƙofa. Muka yini muna tono, ruwanmu ya ƙare, ga yara. Da ƙafa muka tako har nan, Chencho yana rantsuwa in ya kama ka sai ya kashe ka. Sai ya ga inda diloli suka yi tono a gindin wancan dutsen, ga murfin jarka yana leƙowa. Ya ba yara suka sha, ya sha, ya zauna ya yi tunani. Ya ce wanda ya jefa mu a taɓo shi ne ya ba mu ruwa, don haka ba zan kashe shi ba, amma wallahi ba zan bar shi ya huta ba."

"Ni ba don ku na binne ba," in ji Apá.

"Mun sani. Ai ba ka yi kama da mai kirki ba."

"To abarbar fa?"

"Shi ba ya cin ta. Ƙanwata ce take ba mu duk shekara, mun rasa yadda za mu yi da ita. Ya ce ta dace da kai."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Apá ta hanci, ya yi sauri ya mayar da ita tari. "Kuma bai iya jera dutse ba."

"Shi ma haka yake faɗa a kanka. Tun Oktoba yake fara tanadin zagin da zai yi maka, yana gwadawa a kaina. In muka iso ya tarar ka juya murhun, ka ga murna kamar yaro ya ga alewa. Ya ce, Linda, jakin yana nan da ransa! Sannan ya naɗe hannun riga ya fara."

Ta ninke mayafinta. Can ta dafa gwiwa za ta tashi.

"Ni wannan ne zuwana na ƙarshe, ƙafafun sun ƙi. Fidencio a tsallaken iyaka yake aiki, ba ya samun hutu a Nuwamba. Don haka kwantar da hankalinka, Don Nicanor. Daga yau babu mai taɓa maka dutse, babu mai dasa maka taya. Wurin naka ne kai kaɗai, ka ba wanda ka ga dama."

Na ce a raina, madalla, ga abin da yake nema tun kafin na yi wayo ya samu. Na ɗago don na ga murnarsa. Yana zaune riƙe da gwangwanin da hannu biyu, bai buɗe ba, kuma fuskarsa ta fi ta jiya muni.

Sauran kwanakin a murhu ɗaya muka yi girki. Apá da Doña Herlinda suka yi faɗa a kan yadda ake gasa kifi, suka yi a kan inda ake kafa tanti, suka yi a kan sunan dutsen da ke tsakiyar ruwa, don ashe kowane gida da sunan da ya raɗa masa. Amá ta ce rabon da ta ga tsohonta ya ci abinci haka tun kafin ya je wurin likita. Su suka riga mu tafiya. Da za su shiga mota Doña Herlinda ta miƙa masa wani tsohon gwangwanin fenti da buroshi, ta ce ita ba ta da abin yi da su, in ya ga dama ya jefar.

Safiyar da za mu tashi na fito daga tanti na tarar da shi a durƙushe a bakin murhu. Ya rushe bangon da ya gina da hannunsa bara. Yana laluben duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana jan gwiwa yana kai su ɗaya gefen, manya a ƙasa ƙanana a sama.

"Apá, me kake yi haka? Baɗi da Ista zan zo fa. Iska daga kudu take."

"Na sani. Ni na koya miki."

"To aiki kake ƙara min ke nan."

"Ƙwarai kuwa. In kika sha wannan doguwar hanya kika tarar da komai yadda kika bar shi, wa za ki zaga?" Ya ɗora wani ƙaramin dutse, ya gyara masa zama. "Ke Ista taki ce. Kira min wancan mai fasa ƙwan."

Baldo ya zo yana miƙa.

"Kai kuma Nuwamba taka ce."

"Ni, Apá? Ni da na kafe a filin ƙwallo?"

"Shi ya sa zan mayar maka da tayar."

Haka kuwa aka yi. Ya binne jarkar ruwa a gindin dutse, ya binne gwangwanin abarbar a gefenta ba tare da ya buɗe ba. A hanya ya sa Baldo ya tono tayar daga bakin taɓo, ya gangaro da ita har kwanar gaskiya yana nishi. Apá da kansa ya shafa mata fentin. Rabi a jikin taya, rabi a jikin wandonsa, har da takalmin Amá da ta matso tana ba shi shawara. Na ɗauka shi ke nan an daina shara, har na kama hanyar shiga mota.

"Ina za ki? Ɗauki tsintsiya."

"Haba Apá! Ka dasa wa duniya alama fara ƙal, sannan mu share sawu?"

"Taya ta Chencho ce," ya ce. "Shara tamu ce. Kowa ya yi nasa."

Kafin Kirsimeti ɗan ramin ganin nan ya rufe gaba ɗaya. Baldo ya je a Nuwamba da matarsa, ya kafe a hanya kamar yadda kowa ya zata, amma ya isa. Ya ce da ya ga duwatsun bai taɓa ko ɗaya ba, zama ya yi yana kallonsu.

Da Ista ta zagayo Amá ta ce Apá ya zauna a gida ya huta. Ya ce to wa zai saurari tayoyin? Ya zauna a gefena, ya ji kowane dutse a jikinsa, ya yi min faɗa tun daga San Quintín har tudun ƙarshe. Da muka gangara na kashe mota, babu kowa a wurin sai kwasakwasa. Ya buɗe ƙofa bai sauka ba, ya juya fuska wajen ƙarar ruwa yana shaƙar iska. Na taka zuwa murhun. Duwatsun suna nan a arewa yadda Apá ya bar su, a ɗan karkace, wani ƙarami ya shige ƙarƙashin babba inda hannunsa ya ruɗe shi.

"Mija," ya kira daga mota. "Murhun fa?"

Na juya na ɗaga murya.

"Wani jaki ya kwashe duwatsun kaf ya jera a arewa, Apá. Wanda bai san gabas ba balle yamma."

"Haba dai," ya ce. "Iska ce."

Na durƙusa na naɗe hannun riga, na ɗauki na farko. Na zagi iskar nan, na zagi uwarta, hawaye na zubo min a kan duwatsun. Da na tsaya na ja numfashi, sai na jiyo shi daga mota.

"Ci gaba mana. Ba ki kai kan kakarta ba."